Soson da ke ƙiba idan an ja shi

Washegarin Babbar Sallah, bayan an gama suyar nama gida ya ɗan lafa, muna zaune a zaure a nan Bauchi, sai ɗan wana ya zaro wani guntun soso daga jakarsa ya miƙo mini. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ya ce, "Baffa, ja shi ka gani." Na kama bakinsa biyu na ja. Maimakon tsakiyarsa ta tsuke, yadda robar ɗaure kaya a bayan babur ke yi, sai ta yi ƙiba ina kallo. Na sake shi ya koma yadda yake. Na kuma ja, ya kuma kumbura. Na fi shekara ashirin ina koyar da fiziks a sakandare, ban taɓa riƙe abu mai wannan hali ba.

Mahaifiyarmu na gefe tana jan carbi. Da ta fahimci wannan ne abin da jikan nata yake yi wa karatun digirin digirgir, sai ta ce, "Wai shekara uku kana karatun soso? Ga masu katifa nan fal a kasuwar Muda Lawal, wa ya taɓa kiransu dakta?" Ya ce, "Hajiya, ke dai bari in gama, katifar da zan haɗa miki ba za ki ƙara kukan ciwon baya ba." Ta ce, "Kai da ko sadakina ba ka biya ba." Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa tambayar tata ta zauna mini, domin yawancin mutane haka za su tambaya, kunya ce kawai ke hana su.

Guntun da na riƙe ba sabon abu ba ne a duniyar kimiyya, an san yadda ake yinsa tun 1987. Abin da har yau yake ba masana wahala, wanda kuma ake samun digiri na uku a kansa, shi ne yadda za a yi shi babba, ya zama iri ɗaya daga baki har ciki, ya daɗe bai sauya hali ba, a kuma sayar da shi a kuɗin da mutum zai iya biya.

Mu fara da lambar da ake auna wannan hali da ita. Duk abin da aka ja, tsawonsa na ƙaruwa, faɗinsa kuma na raguwa. Idan aka raba yawan tsukewar da yawan miƙewar, ana samun wata lamba da ake kira lambar Poisson, sunan wani masanin lissafi ɗan Faransa, Siméon Denis Poisson, wanda ya rasu a 1840. Ta roba ta kusa 0.5, wato idan ka ƙara mata kashi 10 cikin ɗari a tsawo, za ta rage wajen kashi 5 a faɗi. Ta ƙarfe wajen 0.3 ce. Toshiyar filas ɗin shayi irin ta da, wadda ake yi da ɓawon wani itace, tata lambar kusan sifili ce, shi ya sa ake iya cusa ta a bakin kwalba ba ta buɗe ta cije ba. Lissafi ya daɗe da nuna cewa a abin da halinsa ɗaya ne ta kowace fuska, lambar ba za ta haura 0.5 ba, amma tana iya sauka ƙasa da sifili har zuwa -1. An daɗe ana ɗaukar wannan ɓangare na ƙasa da sifili kamar fili ne da takarda ta ce akwai shi amma ba wanda ya taɓa nomawa.

Shi kuwa soson katifa, asalinsa wani sinadari ne, foliyuriten, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Leverkusen ta ƙasar Jamus a 1937. Ruwa biyu ake haɗawa, ɗaya ana ce masa foliyol, ɗayan aisosayanet, a zuba ɗan ruwan sha a ciki. Ruwan shan ne ke haɗuwa da aisosayanet ya ba da iskar kabon dayoksaid, haɗin ya tashi kamar ƙullun waina da ya sha yis, sannan ya daskare a haka. An kafa kamfanin Vitafoam a Najeriya tun 1962, kuma sannu a hankali katifar soso ta kori ta audugar rimi da muka taso a kanta. In ka duba soso da madubin ƙara girma, za ka ga dubban 'yan ɗakuna ne maƙale da juna, babu bango, sai 'yan sanduna kamar an kafa azara ba a yi yaɓe ba. Kowane ɗaki cikinsa a ture yake waje. Ka ja shi ta tsaye, ya tsuke ta kwance. Shi ke nan halin soso na kullum.

Roderic Lakes, wanda a lokacin yake Jami'ar Iowa a Amurka, shi ne ya buga bayani a mujallar Science a 1987 kan yadda ya juya wannan hali. Bai sauya sinadari ko ɗaya ba. Soso na kasuwa ya ɗauka, ya matse shi ta dukkan fuskoki uku a cikin ƙaramin akwatin ƙarfe, ya gasa shi a zafin da ya ɗan haura digiri 160 har sandunan suka yi laushi, ya bar shi ya huce a matse. Da ya fito da shi, sandunan nan sun lanƙwashe ciki, sun kuma daskare a haka. Ka tuna siffar kalangu, mai faɗi a baki biyu, tsukakke a ƙugu. Da a ce jikin kalangun na lanƙwasuwa, ka kama bakinsa biyu ka ja, ƙugun ne zai turo waje. To, kowane ɗaki a cikin soson Lakes ɗan ƙaramin kalangu ne, kuma in dubbai suka turo ƙugu lokaci guda, dole soson ya yi ƙiba. Ya samu lamba wajen -0.7. Ko a gida mutum na iya ganin irin wannan: dunƙule takarda a hannu, ka kama gefe biyu ka ja a hankali, za ta buɗe ta ko'ina.

A 1991 ne Ken Evans, wani masani a Ingila, ya raɗa wa irin waɗannan abubuwa suna ogzetik, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ke ƙaruwa. Ni dai a gida bauɗaɗɗen soso nake ce masa, kuma sunan ya bi shi. Daga baya an gano halin a wurare da dama, har a fatar kan nonon saniya, abin da ya ba ni dariya da na tuna shekarun da matan Fulani suka yi suna tatsa ba wanda ya ba su labari. Joseph Grima na ƙasar Malta tare da Evans sun nuna a 2000 cewa ko murabba'ai aka jera aka maƙala su ta kusurwa, suna juyawa su ba da wannan hali. Ashe sirrin a siffa yake, kayan da aka yi abin da shi ba su ne kan gaba ba.

Amfaninsa fa? Na farko, in aka danna soso na kullum da yatsa, naman soson gudu yake yi gefe ya bar wurin da aka danna. Bauɗaɗɗen kuwa tattaruwa yake yi ya taru a ƙarƙashin yatsan, wurin ya ƙara tauri daidai inda bugu ya sauka. Na biyu ya fi burge ni. Ɗauki silifas mai kauri ka lanƙwasa shi, ka dubi bayansa da kyau: yayin da tsawonsa ya lanƙwashe ƙasa, gefensa biyu ɗagowa suke yi sama, ya ba da siffar sirdin doki. Shi ya sa in za a shimfiɗa soso a cikin hular kwano sai an yayyanka shi ko an zuba shi a mazubi, in ba haka ba ya tattare. Bauɗaɗɗen soso in an lanƙwasa shi siffar ƙwarya yake bayarwa, ya kwanta a kan kai ko gwiwa ko kafaɗa lafiya lau. Na uku, ƙofofinsa na buɗewa in an ja shi, don haka ana iya yin matata da shi wadda za a wanke ta hanyar miƙar da ita kawai. Masu bincike sun fi sa ido a kan hular kwano, da kayan kare jikin 'yan wasa, da matashin marasa lafiya masu doguwar jinya don rage gyambon kwanciya, da shimfiɗar cikin ƙafar roba, inda dungun ke kumbura ya saɓe a yini guda.

To, a nan ne aikin yake. Na tambayi yaron me ya fi cin lokacinsa, ya ce, "Wallahi Baffa, cusa soso a akwati." Na ɗauka wasa yake yi. Ka ɗauki soso mai santimita 10 ta kowane gefe, ka ce sai ya shiga akwati mai santimita 7. Girman ciki ya tashi daga 1,000 ya koma 343, kusan kashi ɗaya cikin uku. Da hannu ake turawa, da ɗan tsinke ko cokali mai faɗi, ana shafa wa bangon akwatin mai. Soson na kama bango, gefe ya matsu fiye da kima har ya yi tamoji, tsakiya kuwa ta zauna kusan yadda take. In an yanka bayan gashi sai a tarar da abu uku a guntu ɗaya: ɓawo mai tauri, wani yanki mai halin da ake nema, da cibiya wadda har yanzu soson katifa ce. Wasu masu bincike a Ingila sun koma soka sandunan ƙarfe ta cikin soson kafin matsewa, don a ja tsakiyar ma ta bi sahu.

Sai matsalar wuta. Soso ba ya barin zafi ya ratsa shi, shi ya sa ake sa danginsa a bangon firiji da kula. Abin da ya sa yake da amfani a can shi ne ke hana shi gasuwa a nan. Duk matar da ta taɓa toya ƙosai a man da ya yi zafi da yawa ta san labarin: waje ya ƙone, ciki ɗanye. Guntu mai kaurin yatsa biyu zai gasu daidai cikin 'yan mintuna. Mai kaurin katifa kuwa, kafin zafi ya kai cibiyarsa gefen ya yi ja ya fara lalacewa, kuma hayaƙin foliyuriten da ya ƙone guba ne, akwai kabon monoksaid da sayanaid a ciki. Tun 1997 Chan da Evans suka ba da shawarar a riƙa matsewa da gasawa mataki-mataki don manyan guntaye, amma kowane mataki ƙarin lokaci ne da ƙarin kuɗi. Ƙari a kan haka, zafin da ya dace da soson wani kamfani ba lalle ya dace da na wani ba, tun da haɗin sinadaransu ya bambanta, kuma ba kamfanin da ke faɗin sirrin haɗinsa. Yaron ya ba ni labarin ranar da aka ɗauke wuta yana tsakiyar gashi, kafin a tada janareta obin, wato tandun gashin, ya huce, guntaye shida da ya yi kwana biyu yana aunawa da yankawa suka tashi a banza. Ba su ƙone ba, ba su gasu ba, ba kuma yadda za a rubuta a kundi cewa ga zafin da suka sha.

Matsala ta uku ita ce soson bai manta asalinsa ba. Ƙungiyar Fabrizio Scarpa a Jami'ar Bristol ta nuna cewa in aka sake gasa bauɗaɗɗen soso ba a matse ba, yana komawa kusan girmansa na farko, halin nan ya tafi. Ga mai bincike a ƙasar sanyi wannan abin sha'awa ne da za a rubuta. Ga wanda ke zaune a garin da zafin Afrilu ke kai digiri 40 a inuwa, tambaya ce ta gaske: hular kwanon da ɗan acaɓa ya rataye a kan babur a rana daga safe zuwa la'asar, wata nawa soson cikinta zai yi kafin ya fara kwancewa? Haka kuma lambar nan ta ƙasa da sifili ba ta tsayawa wuri ɗaya. In aka ci gaba da ja har sandunan suka gama miƙewa, soson ya koma tsukewa kamar kowane soso.

An nemi hanyoyin kauce wa wuta. Grima da abokansa sun nuna a 2009 cewa ana iya jiƙa soson da asiton, sinadarin nan na goge jan farce, ya yi laushi a matse, a bar shi ya bushe. A Jami'ar Jihar Florida, Yan Li da Changchun Zeng sun yi amfani da iskar kabon dayoksaid mai matsi, suka juya soso ba tare da gashi ba, aka buga aikin a 2016. Soso mai rufaffun ɗakuna, irin na tafin takalmi, ya fi taurin kai, domin iskar da ke kulle a ciki ba ta da mafita, shi ya sa ake gwada masa tururi. Wasu kuma sun bar soso gaba ɗaya sun koma buga siffar da na'urar ɗab'i mai fitar da abu a tsaye, kowane ɗaki daidai yadda aka zana, sai dai tsada da jinkiri.

Akwai wani wuri da nake ganin ana yawan sayar wa mai karatu da kura a fatar akuya. Za ka ga an ce bauɗaɗɗen soso ya fi na kullum shanye bugu, ga jadawali ga zane. Amma da wane soso aka gwada shi? Sau da yawa da uwarsa, wato soson da aka matse aka samo shi. Ai wanda aka matse ya ninka uwar tasa nauyi kusan sau uku a girma ɗaya. Ko mai katifa a kasuwar Wunti ya san mai nauyi ta fi mara nauyi ɗaukar jiki, da haka yake yi maka ciniki. Gwajin adalci shi ne a samo soso na kullum mai nauyi da tauri daidai da bauɗaɗɗen, sannan a ga ko lambar ita kanta ta ƙara wani abu. Lissafin ma yana da abin faɗa. A ƙa'idar da aka saba amfani da ita wajen lissafa yadda abu ke jure dannawa, ana ninka lambar Poisson da kanta, a debe daga 1, a raba taurin abu da abin da ya rage. In lambar 0.3 ce, abin rabawar 0.91 ne. In -0.7 ce, ya zama 0.51, ribar ta kusa ninki biyu. In kuwa -0.2 aka samu, 0.96 ne, ba a ci komai ba. Ke nan bai isa ɗalibi ya yi murna don lambarsa ta sauka ƙasa da sifili ba, sai ta yi nisa sosai. Da ni ne a kujerar masu yi wa ɗalibi tambayoyi ranar kare kundi, daga nan zan fara, kuma na gaya wa yaron haka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffa, malamina ma abin da ya ce ke nan."

Shin irin wannan bincike na da gurbi a Bauchi? Ina ganin yana da shi, fiye da wasu da ake kashe wa kuɗi. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa an kafa ta ne a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji. Kayan fara aikin ba su fi ƙarfinmu ba: obin mai riƙe zafi daidai, akwatin alminiyam da kowane mai walda zai haɗa, da soso, wanda ake yi a nan kusa da mu a Jos da Kano. Ko awon ma an samu sauƙi. Ana ɗiga wa soson ɗigo-ɗigon fenti, a ɗauki hotonsa yana miƙewa, kwamfuta ta bi kowane ɗigo ta faɗi inda ya matsa. Inda gizo ke saƙar shi ne injin ja da matsewa mai awo na gaskiya, da madubin lantarki na ganin 'yan ɗakunan, da wutar da ba za ta yanke ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ya ɗauki nauyin malamai sun yi digiri na uku a gida da waje. Abin da nake so a riƙa tambaya shi ne, wanda ya dawo da ilimin, a wane ɗaki zai ci gaba da aikin, da wane inji?

Akwai kuma ɓangaren da mu ne ya kamata mu riƙe. Manyan sinadaran soso daga waje ake shigo da su, shi ya sa duk lokacin da dala ta motsa kuɗin katifa ke bin ta. Amma man zurma, cika-gidan nan da ke fitowa a bayan gari ba mai kula shi, foliyol ne tun daga halittarsa, kuma an daɗe ana yin foliyuriten da shi. Ko soson da aka haɗa da man zurma zai karɓi matsi da gashi ya bauɗe, a wane zafi, ya kuma riƙe halin har tsawon wane lokaci a yanayinmu, wannan tambaya ce da ta isa kundi guda. Sai dai duk mai shiga haɗa soso da kansa ya san aisosayanet na kama huhu ya jawo asma, ba aikin da za a yi a ɗaki rufe ba ne.

Ban ce gobe za a ga katifar bauɗaɗɗen soso a kasuwa ba, kuma alkawarin da aka yi wa Hajiya zai daɗe bai cika ba. Wa zai sayi soso uku a matse masa su koma ɗaya don ya kwanta a kai? Inda abin zai fara shiga shi ne wurin da ake bukatar ɗan kaɗan kuma ciwon da yake hanawa mai tsada ne, kamar cikin ƙafar roba ko ƙarƙashin ƙugun majinyacin da ya yi wata uku a gado.

Kafin ya koma makaranta ya bar mini guntaye biyu da ya gasa rana ɗaya a akwati ɗaya. Ɗaya na ajiye a durowar ɗakina, ɗayan a gaban motata inda rana ke dukansa. Duk Juma'a in na dawo daga masallaci nakan auna faɗinsu da tsohon ma'aunina na makaranta, in tura masa ta WhatsApp. Makon jiya na cikin motar ya fara ɗara ɗan'uwansa.